Gwajin Manhaja Mai Sarrafa Kansa: Yadda Ake Dasa Shi a Wurin Aiki Har Ya Kama Ƙasa

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na taron shekara-shekara



Kwamitin shirye-shirye ya umurce ni da in yi bayani a kan wani fanni na sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, wato yadda tawagar masu wannan aiki za ta rungumi gwaji mai sarrafa kansa, ta kuma ci moriyarsa. Na san ba za a rasa wanda zai ce a ransa wannan ai maganar yara ce ba. To, amma idan aka dubi zauren nan, akwai ma'aikatan banki, akwai daraktoci a ma'aikatu, akwai masu asibitoci da makarantu, akwai kuma manyan 'yan kasuwa, kuma kusan kowannensu ko dai ya taɓa sa hannu a takardar kwangilar manhaja, ko kuwa yana dab da sawa. Ga kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke Abuja da Legas da Kano da Kaduna, waɗanda da wannan sana'a suke ci suke sha. Saboda haka maganar ta shafi magini, ta kuma shafi mai biyan kuɗin ginin.

Mene Ne Wannan Gwaji?

Manhaja dai jerin umurni ce da ɗan'adam ya rubuta wa kwamfuta, kuma babba daga cikinta takan kai layi dubu ɗaruruwa, wata ma miliyoyi. Abin da ya bambanta ta da ginin bulo shi ne ba a taɓa gama ta. Yau a ƙara mata wani aiki, gobe a gyara wani, jibi hukuma ta sauya doka a sake lissafi. Kowane gyara kuwa yana iya lalata wani abu can nesa wanda jiya lafiyarsa ƙalau, kamar mai gyaran famfo da ya taɓa bututun madafa sai ga ruwa ya ɗauke a makewayi.

Hanyar da aka saba bi ita ce a zaunar da ma'aikaci gaban kwamfuta ya riƙa danna nan, ya cika can, yana duba ko komai na tafiya daidai. Bari mu yi ɗan lissafi. Idan manhaja tana da ayyuka 300, kuma duba kowane ɗaya yana cin minti 5, an tashi da awa 25 ke nan, wato fiye da kwana uku na aiki. Babu tawagar da za ta yi haka bayan kowane ƙaramin gyara. Abin da ke faruwa shi ne a duba inda aka taɓa kawai, sauran a bar wa masu amfani da manhajar su gano da kansu.

Shi kuwa gwaji mai sarrafa kansa wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ke yi wa babbar tambayar da an riga an san amsarta. Misali, a ce mata: ga kaya na naira 10,000, harajinsa kashi 7.5 cikin ɗari, nawa ne? Idan ta ce naira 750, gwajin ya nuna kore. Idan ta faɗi wani abu dabam, ya nuna ja, ya kuma faɗi inda aka sami saɓani. Irin waɗannan tambayoyi dubu kwamfuta tana iya yin su cikin ɗan lokaci kaɗan, ba ta gajiya, ba ta kuma cewa ai jiya ta duba.

Kayan yin wannan aiki sun daɗe da samuwa. Tun shekarar 1997 Kent Beck da Erich Gamma suka rubuta JUnit domin masu aiki da harshen Java, a yau kuma akwai pytest da Jest da Selenium da Playwright da sauransu, duk kyauta ake sauke su daga intanet. Don haka idan tawaga ta kasa, ba tsadar kayan aiki ce ta kayar da ita ba. Abin da nake son mu fahimta a wannan zama shi ne, shigar da gwaji sauya ɗabi'ar mutane ne kafin ya zama sauya na'ura. Domin tabbatar da haka zan kawo labarin kamfanin da kowa ya sani.

Abin da Ya Faru a Google

Mutane da yawa suna zaton kamfanin Google na Amurka da tsari aka haife shi. Ba haka ba ne. Injiniyoyin kamfanin sun ba da labarin da kansu a littafin da suka fitar a shekarar 2020 mai suna Software Engineering at Google. A shekarar 2005 manhajar da ke karɓar tambayoyin masu bincike ta mayar musu da amsa, wadda suke kira GWS, ta shiga wani hali. Ta yi girma, hannaye sun yi yawa a kanta, har ta kai ga fiye da kashi 80 cikin ɗari na sababbin zubin da ake saki suna ɗauke da kuskuren da ke taɓa masu amfani, sai an janye su. A lura fa, waɗanda ke wannan aiki suna cikin ƙwararrun da duniya ke ji da su. Ƙwarewar mutum ɗaya ba ta isa ta riƙe abin da mutum ɗari ke taɓawa ba.

Jagoran tawagar sai ya kafa ƙa'ida mai sauƙin faɗa: duk wanda ya kawo gyara, dole ya haɗo da gwajinsa, kuma na'ura za ta riƙa gudanar da gwaje-gwajen gaba ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Cikin shekara guda yawan gyare-gyaren gaggawa ya ragu da rabi, alhali yawan sauye-sauyen da ake yi wa manhajar ƙaruwa yake yi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka yaɗa wannan ɗabi'a zuwa sauran kamfanin. Wasu ma'aikata ne 'yan sa-kai suka haɗu suka ɗauki nauyin abin, kuma da gangan suka ƙi neman shugabanni su fitar da doka daga sama. Sun san halin ma'aikaci: abin da aka tilasta masa, zai yi shi ne gwargwadon yadda zai tsira daga faɗa. Maimakon haka sai suka fara da sababbin ma'aikata, suka shigar da darasin gwaji cikin horon da ake ba su a farkon zuwansu. Sabon shiga bai san an taɓa yin wani abu dabam ba, sai ya ɗauka haka ake yi a gidan tun fil'azal, ya je tawagarsa yana tambayar ina gwaje-gwajen. Da yake kamfanin yana ta ɗaukar ma'aikata, ba a jima ba waɗanda suka sami wannan horo suka rinjayi na da.

Suka kuma shirya wani tsani mai hawa biyar wanda tawaga za ta riƙa hawa da ƙafarta. Matakin farko ba ya neman wani abin a-zo-a-gani: a kafa na'urar da za ta riƙa haɗa manhajar tana gwada ta bayan kowane gyara, a fara auna inda gwaji ya taɓa da inda bai taɓa ba, a rarraba gwaje-gwajen zuwa ƙanana da matsakaita da manya, a kuma gano waɗanda ba su da tabbas. Aiki ne na 'yan kwanaki. Da tawaga ta ga sunanta a allo kusa da na maƙwabtanta, sai kishi ya yi sauran aikin. Kafin a maye gurbin shirin da wani a 2015, ayyuka fiye da 1,500 sun bi ta cikinsa.

Dabara ta uku kuwa, iyayena ku yi mini afuwa, a ban-ɗaki aka yi ta. Daga shekarar 2006 suka fara liƙa takarda mai shafi ɗaya a makewayin ofisoshinsu, kowace da ɗan gajeren darasi a kan gwaji. Hujjarsu ita ce saƙon imel ana iya share shi ba a karanta ba, amma nan wuri ne da kowa sai ya je, kuma ba shi da abin karantawa. Wasu sun yi gunaguni da farko, amma abin ya ɗore.

Ta Ina Ƙaramar Tawaga Za Ta Fara?

Na san tawagar da ƙanena yake aiki a cikinta ba Google ba ce. Mutum biyar ne ko takwas, a ofis mai ɗaki biyu, da manhajar da aka shekara huɗu ana ɗora mata kaya babu gwaji ko ɗaya, ga abokin ciniki yana buga waya. Kuskuren da na fi ganin irin wannan tawaga tana yi shi ne shugaba ya dawo daga wani taro da zafinsa ya ce a dakatar da komai, wata biyu za a yi ana rubuta gwaji. Ba a kaiwa mako uku sai aikin gaggawa ya taso, a ajiye, shi ke nan an binne maganar, kuma duk wanda ya sake tayar da ita sai a ce ai mun gwada bai yi ba.

Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce a ɗaura gwajin a jikin aikin da dama za a yi. Duk ranar da aka kawo ƙarar wani kuskure, kafin a gyara shi a fara rubuta gwajin da zai nuna shi a fili. A ga ya yi ja, sannan a gyara, a ga ya koma kore. Wannan ganin jan yana da muhimmanci ƙwarai, domin gwajin da ba a taɓa ganin ya faɗi ba, babu wanda ya san ko yana iya faɗuwa. Ta haka kuskuren da aka kashe ba ya sake tashi, kuma gwaje-gwajen suna taruwa daidai wuraren da manhajar ta saba yoyo. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Haka kuma duk sabon aiki ya zo da gwajinsa, kuma abokin aikin da ke duba gyaran kafin a haɗe shi ya ƙi amincewa idan babu.

Tsohon rubutun da kowa ke tsoron taɓawa kuwa, Michael Feathers ya yi bayanin dabararsa a littafinsa na shekarar 2004. Kafin ka taɓa shi, rubuta gwajin da zai kama abin da yake yi a yanzu, ko daidai ne ko ba daidai ba. Ba hukunci kake yanke masa ba tukuna, shinge kake kafawa domin ka gane idan wani abu ya motsa.

Sai batun abin da ya kamata a fara gwadawa. A nan ina roƙon matasanmu su dubi ƙasar da suke taka, domin misalan da ke cikin darussan intanet ba da mu aka rubuta su ba. Lambar asusun banki a Najeriya tana da alƙaluma goma, na ƙarshen kuma lissafa shi ake yi daga lambar banki da sauran taran domin a kama kuskuren bugu. Asusu da yawa da sifiri suke farawa, kuma manhajar da ta ajiye lambar a matsayin adadin lissafi za ta haɗiye sifirin ta bar alƙaluma tara. Lambar waya wani zai rubuta ta da 0803, wani da +234803, mutum ɗaya ne amma manhaja ta buɗe masa rajista biyu. Sunayenmu suna da ƙ da ɗ da ɓ, ga alamar ɗauri a Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mun ga takardar da ta fito da alamar tambaya a gurbin harafin sunan mutum, ko shafin rajista da ya ƙi karɓar sunan sam. Kuɗi kuma, a yawancin harsunan kwamfuta idan ka tara 0.1 da 0.2 ba 0.3 cif za ka samu ba, akwai ɗan ɓurɓushi a can ƙarshe, shi ya sa masana ke ajiye kuɗi a kwabo ba a naira mai ɗigo ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gwajinsa bai wuce layi biyar ba. Sannan a tuna da watan Fabrairun 2020, lokacin da harajin kayayyaki ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Tawagar da ke da gwaji a kan lissafinta ta sauya adadin, na'ura ta nuna mata duk inda ya shafa. Wadda ba ta da shi kuwa sai ta bi rasit ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma jarabar fara wa da manyan gwaje-gwaje, irin waɗanda ke buɗe shafin intanet su riƙa danne-danne kamar mutum. Suna da daɗin nuna wa shugaba, amma suna da nauyi, kuma da an matsar da maɓalli ɗaya sai su zube. Ma'aunin da injiniyoyin Google suka bayar shi ne kimanin kashi 80 su zama ƙananan gwaje-gwaje masu duba aiki ɗaya tak, kashi 15 masu duba haɗuwar sassa, kashi 5 kacal masu bin manhajar daga farko har ƙarshe. Ba wajibi ba ne a bi waɗannan alƙaluma sau da ƙafa. Dalilin da ke bayansu shi ne sauri: gwajin da ke ƙarewa kafin mutum ya kurɓi shayi sau biyu za a riƙa gudanar da shi kullum, wanda ke cin awa guda kuwa sai ranar da za a saki manhaja ake tunawa da shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Gwaji Mai Baki Biyu

Yanzu zan zo kan abin da ke kashe wannan shiri a ɓoye bayan an yi nisa. Akwai gwajin da yau zai nuna kore, gobe ya nuna ja, alhali ba a taɓa komai ba. Sanadinsa yakan kasance dogaro da agogo, ko da layin intanet, ko da abin da wani gwajin ya bari a rumbun bayanai. Google da kansa ya bayyana a 2016 cewa kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na sakamakon gwaje-gwajensa irin wannan ne, kuma kusan kashi 16 na gwaje-gwajen sun taɓa nuna wannan hali. Adadin yana da kamar ƙanƙanta, amma a yi lissafi. Idan kana da gwaji 2,000, kowanne yana ƙarya sau ɗaya cikin dubu, to a mafi yawan lokutan da ka gudanar da su gaba ɗaya sai ka ga ja. Ba a daɗewa ma'aikata za su koyi cewa ja ba ya nufin komai, a sake dannawa kawai. Ranar da ja na gaskiya ya zo, shi ma sake dannawa za a yi.

Maganinsa shi ne a ɗauki irin wannan gwaji a matsayin kuskure mai cikakken matsayi. A ware shi gefe a ranar da aka gano shi, a rubuta sunan wanda zai gyara shi da ranar da zai gama, in ya gagara a goge shi. Haka nan idan babban allon ya yi ja, gyara shi ya riga kowane aiki. A wurinmu da wuta da intanet ba su da tabbas, wannan ya ƙara wajabta a rubuta ƙananan gwaje-gwaje ta yadda ba sa buƙatar fita waje ko kaɗan.

Kore Ba Shaidar Lafiya Ba Ne

Ga shugabanni kuma ina da gargaɗi a kan alƙaluma. Akwai ma'aunin da ke nuna kashi nawa na layukan manhaja gwaji ya bi ta kansu. Yana da amfani wajen nuna inda ba a leƙa ba. Amma ranar da aka ce sai kowa ya kai kashi 90 kafin a yi masa ƙarin girma, za a kai, ta hanyar rubuta gwaje-gwajen da ke ratsa layukan ba tare da sun tambayi komai ba.

Ko da an yi da gaskiya ma, gwaji yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika wani ƙaramin sabuntawa wanda ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna da gidajen talabijin suka tsaya a ƙasashe da dama. Wannan kamfani yana da gwaje-gwaje, kuma sun nuna kore. Rahoton da ya fitar a watan Agusta na shekarar ya nuna cewa wani sashe yana sa ran bayanai 21, sashen da ke ba shi kuwa 20 yake miƙawa. A gwaje-gwajen da aka yi tun farko an bar gurbi na 21 a matsayin “kowane abu ya yi”, don haka manhajar ba ta taɓa miƙa hannu ta ɗauko shi ba. Ranar da aka aiko da umurnin da ya nemi wannan gurbi da gaske, sai ta laluba inda babu komai, kwamfuta ta faɗi. Abin da ya mayar da kuskuren bala'in duniya shi ne an aika wa kowa a lokaci guda. Daga baya kamfanin ya koma sakin irin wannan sabuntawa kashi-kashi, a fara da kwamfutoci kaɗan a ga yadda ta kaya. Wannan ma tsari ne da ƙaramar tawaga za ta iya ɗauka: reshe ɗaya na makaranta ko na shago ya fara karɓar sabon zubi kwana ɗaya kafin sauran.

Shi ya sa nake jan hankalin masu tunanin sallamar ma'aikacin da ke gwaji da hannu da zarar na'ura ta fara aiki. Na'ura ta karɓe masa maimaici ne, domin ya sami sarari ya yi abin da ita ba ta iyawa, wato ya zauna ya yi tunanin tambayar da ba wanda ya yi tukuna. Haka batun yake ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da matasa ke sa su rubuta musu gwaji a yanzu. Suna da sauri, amma idan ka ba su rubutu mai kuskure ka ce su gwada shi, suna iya rubuta gwajin da zai tabbatar da kuskuren a matsayin daidai. Sanin amsar da ta dace yana wurin wanda ya san aikin, akawu ne ko likita ko magatakardan makaranta, kuma ya kamata a zauna da shi a rubuta misalan tare.

Ga Masu Ba da Kwangila

Iyayena da yayyena masu sa hannu a takarda, ba sai kun iya karanta rubutun manhaja ba. A farkon shiri aiki zai ɗan yi nauyi, domin rubuta gwaji yana cin lokaci, kuma idan kuka matsa a kan ranar miƙa aiki kaɗai, gwajin ne abu na farko da za a jefar. Ku sa shi cikin jadawali da kasafin kuɗi tun farko. Ku rubuta a yarjejeniya cewa gwaje-gwajen suna cikin kayan da za a miƙa muku tare da manhajar, domin ranar da kuka rabu da wannan ɗan kwangila, su ne za su gaya wa wanda ya gaje shi abin da aka gina manhajar ta yi. Ranar karɓar aiki kuma ku ce a gudanar da su a gabanku. Sannan ku nemi a sauya adadi ɗaya da gangan, misali a mayar da harajin nan kashi 8, a sake gudanarwa. Idan allon ya yi ja, akwai mai gadi a ƙofar. Idan ya zauna a korensa, kada ku sa hannu tukuna.

Shugaban zama, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.